Darasi na Bakwai: Littafin da Shafin Intanet Ke Buɗe Maka

A ajinmu na bayan la'asar akwai wata Hajiya mai ɗinki. Wata rana ta shigo da waya a hannu, ranta a ɓace. Ta ce, "Malam, wayar nan sauraren mutane take yi. Jiya da daddare sau ɗaya tak na duba kuɗin keken ɗinki, yau duk inda na buɗe sai tallan keke. Har a wurin da nake karanta labarai."

Na ce, "Hajiya, ba sai ta saurare ki ba. Ke da kanki kika gaya musu, da yatsanki."

Ku tuna da mai shagon unguwarku. Ya san fuskarka, ya san irin sabulun da kake saye, idan ka karɓi kaya bashi kuma ya rubuta sunanka a littafi. Shafin intanet ma yana da littafinsa. Sai dai shi tun kafin ka sayi komai ya fara rubutu, ba ya mantuwa, kuma ba ka ganin lokacin da yake yi.

Abin da ake kira bayanan mutum

Duk abin da za a iya gane ka da shi ya shiga ciki: suna, lambar waya, imel, adireshin gida, hoto, ranar haihuwa, lambar asusun banki, lambar NIN da ta BVN, waɗanda kowacce lambobi 11 ce. Wasu bayanan sun fi wasu nauyi, kamar rashin lafiyar mutum, addininsa, ƙabilarsa, ra'ayinsa na siyasa da zanen yatsunsa. Doka ta fi tsananta tsaro a kan irin waɗannan.

Yadda shafi ke samun su

Na farko kowa ya san shi. Shi ne abin da ka cike a fom da hannunka, wajen rajistar jarrabawar ɗanka, ko neman aiki, ko sayen kaya.

Na biyu wayarka ce ke bayarwa ba tare da ka taɓa komai ba. Da ka buɗe shafi, sai ta aika masa da wata lamba da ake kira adireshin IP, domin ya san inda zai mayar da amsa. Wannan lamba kan nuna kamfanin layinka da ƙasarka, wani lokaci har garin da kake, ko da yake takan yi kuskure: kana zaune a Gusau ta nuna Legas. Wayar tana kuma faɗin irinta, da harshen da aka saita ta a kai, da burauzar da kake amfani da ita, wato manhajar buɗe shafuka irin su Chrome da Opera Mini. Shi kuma shafin ya rubuta lokacin da ka shigo, da abin da ka danna, da tsawon lokacin da ka tsaya.

Na uku shi ne ya kama Hajiya, don haka mu tsaya a kansa. Sunansa kuki. Ba abin ci ba ne, ɗan ƙaramin rubutu ne da shafi ke ajiyewa a cikin burauzarka. Wani injiniya mai suna Lou Montulli ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape na Amurka a 1994.

Idan ka je kasuwa da babur, mai gadi yakan ba ka ɗan kati mai lamba, ya rataya irinsa a jikin babur ɗin. Bai san sunanka ba. Amma da ka dawo ka miƙa katin, ya gane kai ne. Kuki haka yake aiki. Saboda shi ne ba sai ka sake rubuta kalmar sirri a kowane shafi na asusunka ba, kuma kayan da ka zaɓa ba sa ɓacewa kafin ka biya. Irin wannan kuki mai amfani ne, ba abin tsoro a cikinsa.

To, yanzu ka ɗauka mutum ɗaya ne ya ɗauki masu gadi a ƙofar kasuwa, da ƙofar asibiti, da tasha, da gidan kallon ƙwallo, kuma kati ɗaya suke karɓa duka. Bayan wata guda, ko bai san sunanka ba, ya san ranakun da kake zuwa asibiti da abin da kake saye da inda kake hira. Kamfanonin talla haka suke yi. Suna da ɗan abinsu a cikin dubban shafuka, kukinsu ɗaya yana bin ka daga wannan zuwa wancan. Shafin da Hajiya ta duba keke da shafin da take karanta labarai, mai talla ɗaya ne a ƙofarsu.

Ta ce, "To Malam, su me suke samu?" Na ce kuɗi. Mai sayar da keke ya fi son ya biya a nuna tallansa ga tela da a nuna wa mahauci. Shafuka da yawa da muke shiga kyauta da wannan suke rayuwa.

Wannan akwatin da ke tasowa ya rufe maka rubutu idan ka buɗe sabon shafi, izinin kuki yake nema. Ya yawaita ne bayan dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018. Yawancinmu babban maɓallin muke dannawa don mu huta, wanda aka rubuta "Accept all" a kai, ma'ana na yarda da duka. Ka duba gefensa. Sau da yawa akwai "Reject all", ma'ana na ƙi, an dai yi shi ƙarami ko an dusashe launinsa da gangan. A Nijar za ka ga "Tout accepter" da "Tout refuser". Idan ka ƙi, yawanci shafin zai buɗe lafiya lau.

Inda ake ajiye su

Bayanan ba a iska suke ba. Suna cikin manyan kwamfutoci da ake kira saba, jere a kan kantoci a cikin gine-gine masu sanyi, da masu gadi, da janareto don kada wuta ta ɗauke. Akwai irin waɗannan gine-gine a Legas da Abuja, amma shafuka da yawa haya suke yi a wurin kamfanoni irin su Amazon, Google da Microsoft. Don haka fom ɗin da ka cike a Zariya yana iya kwana a Turai ko Amurka. Kuma ba kwafi ɗaya ake ajiyewa ba, saboda gudun gobara ko lalacewar na'ura. Wasu bayanan ma akan miƙa su ga wasu: kamfanin da ke karɓar kuɗi, da mai kawo maka kaya gida.

Abin lura a nan shi ne, goge manhaja daga wayarka bai goge abin da ke wurinsu ba. Ka yaga takardar da ke hannunka ne kawai, littafin mai shago yana nan.

Yadda ake tsare su

Duba saman burauzarka, inda adireshin shafi yake. Idan ya fara da https, da harafin s a ƙarshe, to saƙon da ke tsakanin wayarka da shafin a kulle yake tafiya. An juya shi ya zama shirme ga duk wanda ya tare shi a hanya. Wasu burauzoji suna nuna hoton ɗan kwaɗo a wurin. Chrome ta canza nata hoton a 2023, kuma dalilinta abin koyo ne: mutane sun ɗauka kwaɗon yana nufin masu shafin amintattu ne. Ba haka ba ne. Kwaɗo yana nufin wasiƙarka a manne take, bai ce wanda ka aika wa mutumin kirki ba ne. 'Yan damfara ma suna sa https a shafukansu. Sai ka karanta sunan shafin harafi bayan harafi, domin sukan canza harafi ɗaya a sunan banki ko na hukuma. Ga ranar da karatun nan namu ke yi mana.

Kalmar sirri kuma, shafin da ya san aikinsa ba ya ajiye ta yadda ka rubuta. Yana niƙa ta da wani lissafi, ya ajiye garin. Ranar da ka dawo ka rubuta, sai ya sake niƙawa ya gwada garin da na baya. Gari ba ya komawa tsaba, shi ya sa idan ka manta sai dai su ce ka zaɓi sabuwa. Shafin da ya iya turo maka tsohuwar kalmarka kamar yadda take, ka san ajiyarsa ba ta da kyau.

Sai lambar nan da ake turo maka ta tes, mai aiki sau ɗaya, wadda ake kira OTP. Kwaɗo na biyu ce. Ma'aikacin banki na gaskiya ba zai kira ka ya ce ka karanto masa ita ba. Duk wanda ya nema, ko ya kira cikakken sunanka da ranar haihuwarka, kashe wayar. Sanin sunanka ba shaida ba ce, wataƙila daga rumbun bayanan wani kamfani da aka fasa ya samo shi.

Kuma ana fasawa, har na manya. A 2013 masu kutse sun shiga rumbun kamfanin Yahoo, sai a 2017 kamfanin ya bayyana cewa abin ya shafi duka asusunsa, kusan biliyan 3. A 2018 aka gano cewa kamfanin Cambridge Analytica ya samu bayanan masu amfani da Facebook da suka kai miliyan 87 don aikin siyasa, yawancinsu ba su sani ba. Shi ya sa ba a amfani da kalmar sirri ɗaya a ko'ina. Makulli ɗaya ga gida da shago da rumbu, ranar da ya faɗi an gama da kai.

Wanda ya fi ci mana tuwo a ƙwarya a nan gida shi ne manhajojin ba da rance. Wani dattijo a ajin ya ce, "Malam, ni ban ci bashin kowa ba, amma aka turo mini tes cewa ƙanena ɓarawo ne." Abin da ya faru shi ne, lokacin da ƙanen ya sa manhajar, ta nemi izinin ganin lambobin da ke wayarsa, ya danna ya yarda. Suka kwashe duka. Da ya makara wajen biya, suka bi surukai da abokan kasuwa da limamin unguwa da saƙon tozarci. Ni a ganina wannan ya fi kuɗin ruwan ciwo, domin kuɗi ana biya, mutunci kuwa sai a hankali. Kuma ku lura, lambar dattijon nan ba shi ya bayar ba, wani ya bayar da ita. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta fara dirar wa irin waɗannan kamfanoni a 2022, kuma a 2023 Google ta hana manhajojin rance da ke kasuwarta taɓa lambobi da hotunan mutane. Amma waɗanda ake turowa ta WhatsApp a ce ka sa, ba mai tace su.

Abin da doka ta ba ka

A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Dokar ta ce ba a tattara bayananka sai da yardarka ko da wani dalili da ta amince da shi, ba a karɓar fiye da abin da aikin ke buƙata, kuma ba a riƙe su fiye da lokacin da ya kamata. Kana da ikon tambayar kamfani abin da ya ajiye game da kai, ka sa a gyara kuskure, ka janye yardarka, ka nemi a goge. Ba kullum ake gogewa ba, domin banki alal misali akwai abin da doka ta tilasta masa ya ajiye. Idan aka fasa rumbun kamfani kuma abin na iya cutar da mutane, dole ya sanar da hukumar cikin awa 72. Yaro kuma sai da izinin iyaye ko mai riƙonsa. Nijar tana da tata hukumar, HAPDP, Gana kuma ta yi dokarta tun 2012.

A ƙasan yawancin shafuka akwai takardar da ke bayyana abin da suke tattarawa da waɗanda suke ba wa. Doguwa ce, da Turanci mai wuya, kuma gaskiya kusan ba mai karantawa. Amma kafin ka ba da NIN ko BVN, ka sa wani ya karanta maka wurare uku: me suke karɓa, wa suke ba wa, ta ina ake kai ƙorafi. Shafin da ba shi da wannan takarda sam, kar ka ba shi komai. Kuma ka riƙa tambayar kanka abin da za su yi da abin da suka nema. Mai kawo kaya yana buƙatar adireshi. Manhajar tocila ba ta da abin yi da lambobin 'yan uwanka.

Idan a shagon kwamfuta aka cike maka fom, kar ka tashi sai ka ga an fita daga asusunka, kuma ka karɓi duk takardar da aka buga, har wadda ta lalace.

Aiki a aji

Ku zauna biyu-biyu, kowa da wayarsa. Buɗe shafi ɗaya da ka saba shiga, ka kwafi adireshinsa a littafinka, ka ja layi a ƙarƙashin https idan akwai.

Shiga saitin wayarka, wurin manhajoji, ka zaɓi guda uku ka duba izinin da ka ba su. Rubuta sunan wadda ke ganin lambobinka ko wurin da kake ba tare da dalili ba, sannan ka cire izinin.

Karanta wannan da ƙarfi, ka rubuta amsarka a jimla biyu: wani ya kira ka ya ce daga banki yake, ya faɗi sunanka daidai, ya ce za a rufe asusunka yau idan ba ka karanto masa lambar da aka turo maka yanzu ba. Me za ka ce masa, kuma ina za ka je bayan ka kashe wayar?