Yadda Ake Haɗa Bargon Ƙyallaye a Gida Lokacin Kulle

Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, kuma kafin watan ya ƙare ƙasashe da dama sun kafa dokar zaman gida. A ƙasashen arewacin duniya abin ya faɗo daidai lokacin da sanyi ke ja da baya, daga Maris zuwa Mayu, itatuwa na tofo, yini na ƙara tsawo. Mutumin karkara a irin wannan lokaci safiyarsa ta lambu ce da kaji da dabbobi, amma daga azahar zuwa dare yana da sarari. Bargon ƙyallaye ya dace da wannan sarari, domin ana iya yin sa kaɗan kaɗan, a ajiye a koma, kuma kusan duk kayansa suna cikin gida.

Bargon hawa uku ne. Akwai fuska, wadda ake haɗawa da ƙananan ƙyallaye, akwai ciko a tsakiya mai riƙe ɗumi, sai shafi a baya. Ana ɗinke ukun tare, a rufe gefuna da zagayen baki. Lissafin da ke nan na bargo ne mai faɗin inci 48 da tsawon inci 60, wanda zai rufe mutum ɗaya a zaune ko yaro a kwance.

Kayan aiki da adadinsu

Tsarin da ya fi sauƙi shi ne gida-tara: ƙyallaye tara masu kusurwa huɗu, uku uku a jere. Kowane ƙyalle ana yanka shi inci 4½ a kowane gefe, bayan ɗinki ya koma inci 4. Gida-tara guda ɗaya yana zama inci 12 a jikin bargo. Ana buƙatar guda 20, huɗu a faɗi, biyar a tsawo, wato ƙyallaye 180, rabi masu duhu, rabi masu haske.

Idan sabon yadi ne mai faɗin inci 42 zuwa 44, kowane tsiri mai faɗin inci 4½ yana ba da ƙyallaye 9. Tsiri 10 na mai duhu, 10 na mai haske, yadi ɗaya da rabi na kowanne ya isa har da rarar kuskure. Shafi da ciko su fi fuska da inci 4 ta kowane gefe, wato inci 56 da 68. Faɗin yadi bai kai haka ba, sai a yanka yadi 3¼ gida biyu a haɗa su gefe da gefe. Zagayen baki rabin yadi ne.

A lokacin kulle ba kowa ke da sabon yadi ba, kuma ba dole ba ne. Tsofaffin riguna na auduga, zanen gado, rigar matashi, duk suna aiki. Matan Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka da tsofaffin tufafin aikin gona suka yi yawancin bargunansu na farko, kuma a 2002 aka baje su a gidan adana kayan fasaha na Houston. Wanda ya ɗinka takunkumin fuska a farkon annobar ma yana da guntaye masu yawa, kuma irin audugar da ake so ke nan, mai saƙa a matse. Abin da za a guje wa shi ne haɗa mai nauyi da marar nauyi, kamar wandon jins da siririn yadin riga, domin mai nauyin zai ja ɗinkin har marar nauyin ya yage. Yadi mai talewa irin na singileti shi ma a bar shi. Daga tsohuwar riga, bayanta da gabanta ake ɗiba. Gwiwar hannu da wuya sun riga sun ci. A ɗaga ƙyallen a hasken taga, in haske na ratsa shi fiye da sauran jikin rigar, wurin ya mutu.

In babu ciko na kanti, siririn tsohon bargo ko zanen gado mai gashi-gashi ya wadatar. Kada a zuba sakakkiyar auduga ko tsummoki, wanki ɗaya za su dunƙule a kusurwa. Sauran kaya: almakashi mai kaifi wanda ba a yanka takarda da shi, rula, fensir ko alli, kwali mai tauri, fil, fil mai kulle kamar 180, dutsen guga, zaren auduga mai launin toka ko ruwan ƙasa wanda ke ɓacewa cikin kowane launi, da allurar keken ɗinki lamba 80/12.

A wanke kafin a yanka

Sabuwar auduga tana tsukewa a wankin farko, kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. In aka haɗa sabon yadi da tsohon da ya gama tsukewa ba tare da wanki ba, bargon zai tattare wuri wuri. Ja da shuɗi mai duhu kuma su ne masu zuba. A jiƙa gefen yadin, a matsa farin ƙyalle a kai. In ya ɗauki launi a ci gaba da ɗauraya har ruwa ya fita tas, in ya ƙi daina zuba a cire shi daga aikin. Kayan da suka fito daga wani gida a lokacin annoba a wanke su da sabulu da ruwa mai zafin digiri 60, su bushe sarai. Daga nan a goge komai, domin yadi mai tamoji ba ya ba da awo na gaskiya.

Zaɓen launi da rana ake yi, kusa da taga, hasken fitila yana ruɗi. Bambancin duhu da haske ya fi kyan launi muhimmanci. A jera ƙyallayen a ɗauki hoto da waya, a mayar da shi baƙi da fari: duk wanda aka kasa gane ɓangarensa, matsakaici ne, zai dusashe tsarin.

Yanka da rubu'in inci

Nan ne bargo ke gyaruwa ko ya lalace, don haka a daɗe a nan. A yanka kwali inci 4½ cif, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu. In awon biyu bai zo ɗaya ba, kwalin ya karkace. A ɗora shi yadda gefensa zai bi zaren saƙar yadin. Ƙyallen da aka yanka a karkace yana miƙewa a ƙarƙashin keke, ya fito ya fi ɗan'uwansa tsawo. A zana da fensir mai tsini, a yanka a kan layin. Gefen kwali yana cinyewa da yawan zane, saboda haka a yi guda uku ko huɗu tun farko, a riƙa canzawa.

Rarar ɗinki, wato tazarar da ke tsakanin bakin ƙyalle da layin zare, rubu'in inci ce, kamar milimita 6. Ba ta canzawa daga farkon bargo zuwa ƙarshensa. Ga dalili: kowane ɗinki yana ci daga ƙyalle biyu. In rarar ta wuce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, kowane ɗinki ya cinye kashi ɗaya cikin 8. A faɗin bargon akwai ɗinki 11, asarar ta kai inci 1⅜. In wani layi ya yi asarar wani bai yi ba, kusurwoyi ba za su taɓa haɗuwa ba, kuma ja da ƙarfi ba ya gyara wannan.

Gwajin ba ya ɗaukar minti biyar. A yanka tsiri uku masu faɗin inci 1½, a haɗa su gefe da gefe, a goge. Na tsakiya ya zama inci 1 daidai, duka ukun inci 3½. In bai kai ba, rarar ta yi yawa. Kaurin zare da lanƙwasar yadi ma suna cin kaɗan, shi ya sa gwanaye ke rage rarar da kaurin zare ɗaya. Da an samu daidai, a manna tef hawa uku ko huɗu a kan farantin keke a wurin, ya zama shingen da bakin ƙyalle zai riƙa bi. Mai ɗinkin hannu sai ya zana layin rubu'in incin a bayan kowane ƙyalle ya bi shi da ƙananan taku.

Haɗa fuska

A sa tsawon takun keke milimita 2. A haɗa mai duhu da mai haske fuska da fuska a ɗinke, a tura na gaba ba tare da an yanke zare ba, su fito a jere kamar tutocin biki, daga baya a rarraba. Wannan yana rage ɓarnar zare, kuma yana hana keke haɗiye bakin ƙyalle. A ƙara na uku, layi ya cika. Gida-tara guda 10 za su kasance da masu duhu biyar da masu haske huɗu, sauran 10 akasin haka, domin in an jera su bi da bi launi ɗaya kada ya haɗu da kansa.

Guga a wannan aiki dannawa ce. A ɗora dutsen, a ɗaga, a matsa gaba. Jan sa baya da gaba yana miƙar da yadi. A kwantar da rarar ɗinki zuwa ɓangaren mai duhu, don kada ta nuna ta cikin mai haske. Wannan yana da amfani na biyu: idan aka zo haɗa layi da layi, rarar sama ta kwanta hagu, ta ƙasa dama, sai su sarƙe da juna. Ana jin su da yatsa sun zauna ba tudu ba rami. A soka fil a daidai wurin, a cire shi kafin allura ta iso.

Kowane gida-tara a auna shi, ya zama inci 12½. Wanda ya gaza da fiye da kashi ɗaya cikin 8 na inci a farke shi tun yanzu. Daga nan a haɗa huɗu huɗu, layuka biyar, a haɗa layukan. In wani ya ɗan fi wani tsawo, a sa mai tsawon a ƙasa, haƙoran keke masu jan yadi ta ƙasa za su tattara rarar.

Hawa uku

A shimfiɗa shafi a ƙasa mai tsabta, fuskarsa na kallon ƙasa, a manne gefunansa da tef. Ya miƙe ba tamoji, amma kada a ja shi ya ɗame, domin da an cire tef zai koma ya tattare fuskar. A ɗora ciko, a ɗora fuska, a shafe da tafin hannu daga tsakiya zuwa waje. Fil mai kulle daga tsakiya ake fara sa shi, tazarar faɗin tafin hannu, kamar inci 4, a tsakiyar ƙyallaye inda ɗinki ba zai bi ba. Yawancin ninkin da ake gani a bayan bargo daga rowar fil yake.

Don ɗinke hawa ukun a keke, a canza allura zuwa 90/14, taku ya koma milimita 3. Layuka miƙaƙƙu kusa da haɗin ƙyallaye sun isa, tazarar inci 4, daga layin tsakiya zuwa gefe. A naɗe rabin bargon ya shiga ƙarƙashin hannun keke, a sa tebur ko kujera ta ɗauki nauyin sauran, in ba haka ba nauyin zai ja allura taku ya ƙanƙance. Ƙafar keke ta yau da kullum, wato ƙarfen da ke danne yadi, tana tura hawan sama gaba yayin da haƙora ke jan na ƙasa. Akwai ƙafa ta musamman mai jan sama da ƙasa tare, in babu ita a sassauta matsin ƙafar a tafi a hankali. In ciko ya yi kauri, ɗauri ya fi: da zare mai kauri a soka ƙasa a dawo sama a kowace mahaɗar kusurwa huɗu, a yi ƙulli biyu, a bar jela rabin inci.

Zagayen baki

A datse rarar ciko da shafi daidai da fuska. Kewayen bargon har da rarar ɗinkin gefuna inci 218 ne, a ƙara 12 don kusurwoyi da haɗi. Tsiri 6 masu faɗin inci 2½, a haɗa su a karkace don kada kauri ya taru wuri guda, a ninka biyu a tsawo a goge. A fara daga tsakiyar gefe, a bar jela inci 8, yankakken bakin tsiri na bin yankakken bakin bargo. Saura rubu'in inci a kai kusurwa a tsaya, a cire bargon, a ninka tsirin sama, a sake ninko shi ƙasa daidai da gefe na gaba, a ci gaba. In an zagayo, a cusa ƙarshen cikin jelar farko bayan an kalmashe bakinta. A juya ninkin zuwa baya a kama shi da hannu, ƙananan taku masu ɓuya.

Wanki da shanya

Wanda ke shigowa daga lambu ya wanke hannu kafin ya taɓa aikin. Ƙasa da ruwan ganye suna kama farin yadi, guga kuma ta zaunar da tabon. In bargo ya kammala a wanke shi da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, a matse ruwan da dannawa ba da murɗawa ba. Jiƙaƙƙen bargo yana da nauyi, in aka rataye shi ta gefe ɗaya ɗinki zai tsinke. A shimfiɗa shi a kan igiya biyu ko uku a jere, ko a kan tsohon zanen gado bisa ciyawa, a inuwa, shafi na sama, domin rana tana cin launi. A lokacin da itatuwa ke fure, mai atishawa ya shanya nasa a cikin ɗaki, ƙurar fure tana maƙalewa a yadi mai laima. Kafin a ninke a matsa tsakiyarsa da hannu. In akwai sanyi a ciko, bai bushe ba, a juya shi a ƙara masa lokaci.