Yadda za ka yi idan batirin babur ɗinka ya fara yoyo

Yawanci ba ruwan ake fara gani ba. Farin gari ne ko shuɗi-shuɗi yake taruwa a kan batir, ko fenti ya fara ɓarewa a ƙasan inda yake zaune, ko ka ji wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai bayan doguwar tafiya. Ni a jikin wandona na fara ganewa: ƙananan huji guda uku a wajen ƙauri, kamar tartsatsin wuta ya faɗa masa. Da na buɗe murfin gefe, sai na tarar ƙarfen da ke riƙe da batirin ya ci tsatsa har yana marmashewa a hannu.

Ruwan da ke ciki asid ne mai suna salfurik, gauraye da tataccen ruwa. Yana cin fata, yana cin ƙarfe, yana iya makantar da ido. Saboda haka kafin ka taɓa komai, kashe babur, zare makulli, ka tura shi fili inda iska ke kaɗawa. Kada a sha taba a kusa, kada a hura wuta, domin batir yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta. Sa safar hannu ta roba da tabarau, in babu safa ka zura hannunka cikin leda mai kauri. Ajiye bokitin ruwa kusa, ka kori yara daga wurin.

Wajen kwancewa, fara da baƙar waya mai alamar (-), sannan ja mai alamar (+). Wannan tsari yana da dalili. Baƙar waya haɗe take da ƙarfen jikin babur, idan ka fara da ja sufana ta goga jikin ƙarfe, wuta za ta tarwatsa a daidai inda iskar nan take. Ciro batirin a tsaye, kada ka karkata shi, ka ɗora shi cikin tsohuwar roba.

Sai ka kashe kaifin asid ɗin da ya zuba. Soda irin ta masu yin burodi da kek ita aka fi amfani da ita, cokali biyu ko uku a kofin ruwa. In babu, jiƙa kanwa, ita ma tana yin aikin. Zuba a kan wurin, za ka ga yana kumfa yana ƙara. Ci gaba da zubawa har kumfar ta daina tashi, ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka ɗauraye, ka bar shi ya bushe. Duba sarƙa da salansa da wayoyin da ke kusa, don asid yana bin hanya ya gangara inda ba ka zata ba. Ka kula ƙwarai kada ruwan sodar ya shiga cikin batirin, zai lalata shi.

Yanzu sai babban aikin, wato gano abin da ya sa shi yoyo. A nan mutane da yawa ke asarar kuɗi, su sayi sabon batir, bayan wata biyu shi ma ya kumbura.

Goge batirin ka duba shi a cikin haske. Idan jikinsa ya tsage ko ya kumbura, ya gama aiki. Na san akwai masu liƙe tsagar da gam ko su narka roba a kai, amma ban yarda da wannan ba, girgizar hanya da zafin rana za su sake buɗe ta. Idan jikin lafiya lau ne, duba layuka biyu da ke gefensa, na sama da na ƙasa. Ruwan ya kamata ya tsaya tsakaninsu. Wanda ya cika shi fal har wuya, da ya ɗauki zafi zai amayo. Duba marufan nan shida ko akwai wanda ya saki. Sannan duba siririn tiyo da ke gefe, wanda ke fitar da iska zuwa ƙasan babur. Sau da yawa yana zarewa ko ya lanƙwashe, sai asid ya riƙa ɗiga a kan ƙarfe.

Idan duk waɗannan lafiya, zargi caji. Batirin da ya cika yana nuna wajen bolt 12.6 a mitar auna ƙarfin wuta lokacin da inji yake kashe. Da an tayar an ɗan ja mai, ya kamata ya tsaya tsakanin 13.5 da 14.5. In ya haura 15, rektifaya, wato na'urar da ke daidaita caji, ta lalace, tana dafa batirin ne. Wata alamar ita ce ƙwan fitila ya riƙa ƙonewa a kai a kai. Je wajen mai wayarin ka ce masa: "Maigida, auna mini cajin kafin a sa sabo." Aikin minti biyar ne.

Batirin da ruwansa ya ragu, tataccen ruwa kaɗai ake ƙara masa, ba na rijiya ko na leda ba, kuma ba asid ba. Ka tambayi mai shago da kyau, don duka biyun "ruwan batir" ake ce musu. Shi kuwa rufaffen batir wanda ba a ƙara masa ruwa, in ya yi yoyo canzawa ake yi.

Wajen mayarwa, juya tsarin: ja da farko, baƙa daga baya. Shafa ɗan giris ko basilin a kan kawunan, ka ɗaure batirin tam yadda ba zai yi rawa ba.

Idan asid ya taɓa fata, cire rigar, ka yi ta kwarara ruwa. Idan ido ne, buɗe shi a ƙarƙashin ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, kada a sa madara ko man ja, a wuce asibiti nan take.

Tsohon batirin kada ya kwana a tsakar gida. Dalma ce a cikinsa, irin gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, duk da cewa waccan daga haƙar zinariya ta fito. Kada ka tsiyaye ruwansa a kwata ko kusa da rijiya. Ƙulle shi a leda mai kauri, a tsaye, ka kai wa mai sayar da batir, da yawansu suna karɓa su rage maka kuɗin sabo.