Kurakuran tunani da ke mai da zato ya koma yaƙini

Na farko, kuma shi ne babba, saurin yanke hukunci. A 1988 masaniyar halayyar ɗan Adam Philippa Garety da abokan aikinta a Landan sun yi wani gwaji da kwalabe biyu na duwatsun wuya, a ɗaya 85 launi guda ne 15 wani launin, ɗayar kuma akasin haka. Sai a ɓoye kwalaben, a riƙa zaro dutse ɗai-ɗai, kai kuma ka faɗi daga wacce ake zarowa. Masu fama da ruɗin tunani, wato kafewa a kan abin da ba gaskiya ba, sun fi saurin cewa sun gane, wasu daga dutse ɗaya ko biyu an gama. Haka abin yake a rayuwa, maƙwabci bai amsa sallama ba, shikenan wai da shi ake haɗa baki. Gyaran shi ne kafin ka yarda da fassararka ta farko ka nemo wasu biyu ko uku, ƙila bai ji ba, ƙila hankalinsa na kan bashin da ake binsa.

Sai jingina komai ga kai. Mutane na dariya a majalisa, da ni suke, wani ya sa status a WhatsApp, habaici ne gare ni. Wannan na cikin halayen da masana ke kira sikizotaifi, tare da yawan zargi da ganin alaƙa tsakanin abubuwan da ba su haɗa hanya ba. Masanin halayyar ɗan Adam Paul Meehl ya yi bayaninsa a 1962, kuma don Allah a fahimta, yawancin masu wannan hali ba sa kamuwa da taɓin hankali, suna harkokinsu lafiya lau.

Akwai kuma ƙin karɓar hujjar da ta saɓa maka, an kawo shaida ƙarara amma kana nan kan bakanka. Tambayi kanka, me zan gani in canza ra'ayi? In amsar babu ce, toh a nan matsalar take.

Kuskuren 'yan uwan mai fama da ruɗin tunani ya fi damuna wallahi. Ko a yi ta musu da mutum ana ce masa ya haukace, ko a biye masa don a zauna lafiya, duk biyun ƙara kafe shi suke. Ka saurari tsoron da yake ji, ka tambaye shi a hankali kashi nawa cikin 100 ya tabbata, a bar ƙofar shakka a buɗe. Irin wannan horon na koya wa mutum shakkar zatonsa, masanin halayyar ɗan Adam Steffen Moritz ya tsara shi a Hamburg ta Jamus.

In har ya daina barci, yana jin muryoyi ko ya ƙi cin abincin gida don tsoron guba, a haɗa addu'a da likitan ƙwaƙwalwa, akwai su a Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato, kar a jira sai abin ya yi nisa.