Riƙon Gaskiya a Jarrabawa: Shawara ga Sababbin Ɗalibai a Birtaniya

Ɗalibin da ya sauka Birtaniya a watan Satumba hankalinsa yakan tafi kan masauki, da rigar sanyi, da inda ake sayar da naman halal, shi ya sa zaman da jami'a take shiryawa a makon farko domin bayyana dokokin jarrabawa da na rubutu yake cikin waɗanda 'yan'uwanmu suka fi tsallakewa. A ganina babu zaman da ya fi shi muhimmanci. Mafi yawan waɗanda na ga sun shiga matsala a nan ba da niyyar maguɗi suka zo ba. Mutanen kirki ne da suka taho da ɗabi'un karatu na gida, ba su san cewa wasu daga cikin waɗannan ɗabi'u laifi ne a wannan ƙasa ba.

Zauren jarrabawa shi ne mai sauƙin bayani. A watan Janairu ko Mayu za a kai ku babban zaure, wani lokaci ma ɗakin wasanni ne aka jera tebura, kowane tebur da lambarsa. Jaka da babbar riga a can gefe ake ajiye su, katin shaidar ɗalibi kuma a kan tebur. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne cewa a jami'o'i da yawa samun waya ko agogo mai haɗe da intanet a jikinka laifi ne kai tsaye, ko da a kashe suke, ko da ba ka taɓa su ba. Haka ma takardar da ka manta a aljihu, wadda ka yi bita da ita a cikin bas. Mai sa ido ba zai yi maka tsawa ba, sau da yawa ma zai bar ka ka gama rubutunka, amma ya rubuta rahoto, bayan 'yan kwanaki sai wasiƙa ta shigo maka ta imel. Saboda haka ka zazzage aljihunka tun a bakin ƙofa, idan kuma biro ya ƙare maka, ka ɗaga hannu maimakon ka juya ga maƙwabcinka.

Inda gizo yake saƙa shi ne aikin da ake ba ka ka rubuta a gida, wanda a kwasa-kwasan digiri na biyu yakan ɗauki kaso mai yawa na maki. Mu da muka tashi da hadda, mun saba cewa ɗalibin da ya maido wa malami bayanin da ya raba, kalma da kalma, shi ne haziƙi. A nan kuwa, ɗauko jimlar wani ka sa a rubutunka ba tare da alamar zance da sunan mai ita ba satar rubutu ce, haka ma idan ka sauya kalmomi biyu ko uku ka bar ginin jimlar yadda yake. Duk da haka wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce gare mu. Duk wanda ya zauna a zauren karatu ya san malami ba ya kawo magana sai ya ce wane ne ya faɗa, kuma a wane littafi, domin jingina zance ga mai shi amana ce. Abin da jami'a take nema ke nan, sai dai kowane sashe yana da tsarin da yake so a rubuta sunan marubuci da shekara da shafi, kuma ma'aikatan laburare suna koyar da shi kyauta.

Jami'o'i da dama suna tace rubutu da manhajar Turnitin, wadda take kwatanta aikinka da littattafai, da shafukan intanet, da ayyukan ɗaliban da suka gabace ka. Za ka ji ana yaɗa cewa idan kason kamanceceniyar da manhajar ta nuna bai kai kaza ba ka tsira. Kada ka dogara da wannan, domin manhajar kamanceceniya kawai take nunawa, malami ne yake karantawa ya yanke hukunci, kuma sakin layi ɗaya tak da aka kwafo ya isa a kira ka. Ko aikinka na kanka da aka riga aka ba ka maki a kai, ba a yarda ka sake miƙa shi a wani kwas ba.

Abin da ya fi kama mutanenmu, duk da haka, shi ne zumunci da kunya. Na san wani ɗan'uwa da ya gama rubutunsa da wuri, sai abokin karatunsa ya kira shi bayan sallar Isha, saura kwana ɗaya a rufe karɓa, ya ce, "Don Allah, Malam, turo min naka in ga yadda ka tsara, ba kwafa zan yi ba." Ya ji nauyin ya ce a'a, ya tura. Abokin ya sauya gabatarwa, ya bar tsakiya yadda take, har da wani kuskuren lissafi da ke cikin jadawali. Su biyun aka kira gaban kwamiti, domin a dokar jami'a wanda ya bayar yana da laifi kamar wanda ya karɓa, kuma cewa taimako ya yi niyya bai wanke shi ba. Tattauna darasi tare halal ne, har ana ƙarfafa shi, amma da zarar an zo rubutu kowa ya kama gabansa, sai fa idan malami ya rubuta ƙarara cewa aikin rukuni ne. Idan aka roƙe ka irin wannan, ka ce za ka zauna da mutum ku warware tambayar da baki, amma fayil ɗinka ba ya fita daga kwamfutarka.

Akwai kuma masu tallar rubuta wa ɗalibai aiki a kan kuɗi, waɗanda suke kutsowa cikin zaurukan WhatsApp na sababbin zuwa da sunan "taimakon bincike". Tun 2022 doka ta haramta wannan sana'a da tallarta a Ingila. Jami'o'i suna ɗaukar sayen aiki a matsayin laifi mafi nauyi, wanda kan kai ga kora, kuma wanda ya rubuta maka ya riƙe sirrinka ke nan, yana iya dawowa ya nemi ƙarin kuɗi da barazanar tona maka asiri. Game da ChatGPT da makamantansa, ƙa'ida takan bambanta daga kwas zuwa kwas, don haka ka karanta takardar umarnin kowane aiki, idan ba ka gane ba ka tambayi malamin a rubuce. Ka kuma adana kwafin farko-farko na rubutunka da bayanan da ka ɗauka, domin idan aka yi shakka ana iya kiran ka ka yi bayanin aikin da bakinka.

Hukunci yana hawa-hawa ne, daga gargaɗi, zuwa sifili a aikin, zuwa maimaitawa da makin da ba zai wuce na tsallakewa ba, wanda yawanci 40 ne a digiri na farko, 50 a na biyu. Ga baƙo abin ya fi haka tsanani, domin bizarka a hannun jami'a take rataye. Idan ta kore ka, wajibi ne ta sanar da ma'aikatar cikin gida, wadda takan rage izinin zamanka zuwa kwana 60. Wanda wata hukumar tallafin karatu ta Nijeriya, kamar PTDF ko TETFund, ko gwamnatin jiharsa ta ɗauki nauyinsa kuma yana da wani bayanin da zai yi a gida.

Yawanci matsi ne yake jawo wannan duka: aikin dare, ko rashin lafiya, ko rasuwa a gida. Kowace jami'a tana da hanyar neman ƙarin lokaci ko ɗage jarrabawa saboda uzuri, ana cike fom a haɗa da shaida, kamar takardar likita, kuma ya fi kyau a nema kafin ranar ta wuce. Neman wannan ba abin kunya ba ne, 'yan ƙasa ma suna yi kullum.

Idan kuwa wasiƙar tuhuma ta riga ta zo, kada ka yi shiru, kada kuma ka mayar da amsa cikin fushi ko ka nemi wani babba ya je roƙo, domin hakan ba ya aiki a nan. Ka nufi ofishin ba da shawara na ƙungiyar ɗalibai, wanda kyauta ne kuma ba ya cikin masu yanke maka hukunci, za su karanta tuhumar tare da kai, sau da yawa ma su raka ka zaman kwamiti. Kana da damar ɗaukaka ƙara a cikin jami'a, idan kuma ba ka gamsu ba, a Ingila da Wales akwai hukuma mai zaman kanta da ake kira OIA, wadda take karɓar koke cikin wata 12 daga ranar da jami'a ta ba ka takardar kammala matakanta.