Idan an kama naka a Abuja, ga ta inda za ka fara

Ni ba lauya ba ne. Magatakarda ne a ofishin wani lauya a Wuse, aikina kai takardu kotu da karɓowa. Amma da yake a Gwagwa nake zaune, duk wanda aka kama wa ɗa ko ƙane ƙofata yake fara bugawa, ko da tsakar dare ne. Abin da nake maimaita musu shi ne na ga gara in rubuta.

Kafin ka kira kowane babban mutum, nemi biro da takarda. Rubuta ranar da aka yi kamun, ƙarfe nawa, a ina, wane caji ofis aka kai shi, sunan ɗan sandan da ke binciken, da abin da aka karɓa a hannunsa: waya, kuɗi, makullin keke. Mutanenmu sun fi yarda da roƙo da tsugunno, alhali wannan 'yar takardar ce lauya zai fara tambaya. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai mutum gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu. A Abuja kuwa da wuya ka samu caji ofis ɗin da ya yi wa kotu wannan nisan. Laifin da hukuncinsa kisa ne lissafinsa daban. To in ba ka riƙe lokacin kamun ba, da me za ka ƙirga?

Inda aka fi yin asara shi ne wajen sitatimen. Yaro bai iya Turanci ba, an rubuta shafi biyu, an ce ya dangwala, ya dangwala don a bar shi ya huta. Wata shida bayan nan, yana gidan yarin Kuje, sai a karanto a kotu cewa da bakinsa ya amsa laifi. Idan an bar ka ka gan shi, wannan za ka fara faɗa masa tun kafin gaisuwa ta ƙare: yana da ikon yin shiru har sai ya ga lauya, kuma kada ya sa hannu a abin da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba. Dokar shari'ar laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA, ta tanadi tafinta ga wanda ba ya jin Turanci, ta kuma ce ana iya ɗaukar bayanin a gaban lauyansa ko jami'in Legal Aid, hukumar gwamnati da ke ba marasa hali lauya.

Beli kyauta ne, har a bango ake rubutawa, duk da kowa ya san yadda ake yi. Tafi da katin shaida, hoton fasfo, da adireshin da za a iya zuwa a tabbatar. In an yanka maka kuɗi, kada ka ɗaga murya. Ka ce a ba ka rasit, ko ka nemi ganin DPO.

Na taɓa raka wata dattijuwa mai sayar da waina wani caji ofis karɓar beli. Ta kwance bakin zane ta fito da katin zaɓenta, ɗan sandan da ke bakin kanta ko kallonsa bai yi ba, ya ce ta je ta kawo namiji. Na ce, "Yallaɓai, sashe na 167 na ACJA ya ce ba a hana mutum tsaya wa wani don kawai mace ce." Ya dube ni, ya shiga ciki, ya dawo da fom. Ta juyo ta ce, "Ɗana, ashe haka abin yake?" Na ce, "Haka yake, Baba, dangwala nan."

Dokar nan ta hana kama wani a madadin wani, uwa don ɗanta ko mata don mijinta. Ta kuma hana kama mutum a kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta sake nanata duka biyun. 'Yan kasuwar Dei-Dei, da ku nake, domin sau da yawa mu ne ke kai junanmu.

Idan kwana biyu sun wuce, ba beli ba kotu, a koma rubutu. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nufi hukumar Legal Aid a Area 11, Garki. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa a titin Aguiyi Ironsi, Maitama, ba a biyan ko kwabo. Akwai kuma sashen karɓar ƙorafi na CRU a hedikwatar 'yan sanda. Duk inda za ka, yi kwafi biyu na takardar koken, ka tsaya sai an buga maka hatimi da kwanan wata a kan naka. Koken baki iska ke kwashe shi.

In ya fito da rauni, asibitin gwamnati za a wuce da shi ranar, ba gida ba. A ɗauki hoto, a karɓi rahoton likita. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗauri har shekara 25, amma tabon da ya warke ba ya ba da shaida. Da waɗannan lauya zai iya shigar da ƙarar tauye haƙƙi a Babbar Kotun Abuja, kuma ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009 sun yarda ɗan'uwa ya shigar a madadin wanda ke tsare. Ba zan ruɗe ka ba: samun umarnin saki ya fi karɓar kuɗin diyya sauƙi nesa ba kusa ba.

A kula da iyaka kuma. Mararaba da Masaka jihar Nasarawa ce, Suleja da Madalla jihar Neja. Kundin tsarin mulki da dokar 'yan sanda suna aiki ko'ina, amma kotun ta jihar ce, kwamishinan 'yan sandan da za ka rubuta wa kuma yana Lafiya ko Minna.