Yadda ake ɗora yankan nama a kan silaid mai danƙo

Ɗaliban da ake turo mana ɗakin gwaje-gwaje a nan Sakkwato sukan ɗauka silaid, wato gilashin da ake ɗora samfuri a duba a maikroskop, duk silaid ne. A ido haka ne, amma mai danƙo an shafe fuskarsa da poly-L-lysine ko silane, sinadaran da ke ba gilashin cajin da yake jawo nama ya manne. Amfaninsa yana fitowa ne a aikin IHC, wato gwajin gano wasu furotin a jikin nama ta hanyar rini, inda ake tafasa silaid cikin ruwan citrate. A nan gilashi zalla yakan saki nama, balle na ƙashi ko na mama mai kitse.

Ka fara rubuta lambar samfurin da fensir a farin gefen, domin alkohol da zailin, sinadaran da za a tsoma silaid a ciki daga baya, suna wanke tawada. Riƙe silaid ɗin ta gefe kaɗai, maiƙon yatsa yana kashe danƙon. Kwalin silaid kuma a rufe shi nan take, musamman da hunturu. Ƙurar da ta sauka, kai ne za ka ganta baƙi-baƙi a maikroskop.

Bulon kakin da aka daskarar da naman a ciki sai ya sha ƙanƙara kafin a yanka. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, kafin ka juya ya yi taushi, yankan ya fito a yamutse. Kaurin maikron 4 ya isa (maikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Ruwan shimfiɗa, wanda ake ɗora yankan a kai ya miƙe, ya kasance na distil, ɗuminsa digiri 40 zuwa 45, kada a zuba masa komai. Tsofaffin hannu sun saba da jelatin ko farin ƙwai da gilisirin, kuma a kan gilashi zalla ba laifi. A kan mai danƙo kuwa ɓarna ce: suna rufe cajin da aka saya da tsada.

Wajen ɗauka ake gane gwani. Nutsa silaid a karkace ƙarƙashin yankan, ka daidaita shi tun yana ruwa, sannan ka ɗago a hankali. Da zarar ya taɓa gilashi ya kama ke nan, in ka ce za ka gyara masa zama sai ya yage.

Jingina shi a tsaye ruwan ya tsane sarai. Masu gaggawa a nan suke faɗuwa, domin ɗigon da ya maƙale ƙarƙashin nama shi ke ɗaga shi daga baya. Sai a gasa a oba (oven), digiri 60, awa ɗaya. In an ɗauke wuta, kada ka shanya a rana. Jera su a rak, ka rufe, su kwana, da safe ka gasa.