Yadda Mawaƙi Zai Kula da Muryarsa a Ranar Wasa

Waƙa a gaban jama'a aikin ƙarfi ne, domin mawaƙi yakan daɗe a tsaye cikin zafin fitilu har gumi ya jiƙe masa riga. Ka riƙa kurɓar ruwa tun da safe, ka motsa muryarka a hankali kafin ka hau dandali, sannan ka ja numfashi daga ciki maimakon matse maƙogwaro. Kada ka raina abin toshe kunne, saboda ƙarar da ta wuce desibel 85 (ma'aunin ƙarfin sauti) tana lalata ji idan aka daɗe cikinta.

Da an tashi, masoya za su yi maka caa. Ka gaishe su da fara'a, amma ka guji ɗaga murya cikin hayaniya, domin sau da yawa a nan take dishewa.